Talata, ɗakin yara

Yau da kuzarina na tashi wallahi, ruwan da aka kwana ana yi ya sanyaya gari, wuta ma ta kai har asuba na samu na goge farar rigata na cika waya. Shayi ko rabi ban sha ba na fita, zagayen duba marasa lafiya na Talata ne a ɗakin yara na asibitin koyarwa, na oga babban likitan da ke koya mana, kuma kun san halinsa, in ya riga ka shiga ɗaki to ka tsaya a bakin ƙofa kawai.

Ɗakin cike yake maƙil kamar kullum in damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro ta ko'ina, wani gadon yara biyu, iyaye sun shimfiɗa tabarmi har baranda. A gadon kusa da taga akwai wani yaro ɗan shekara uku mai sikila da aka kawo jiya da daddare ya yi fari fat, ciki ya kumbura, ko kuka ba ya iyawa. An ƙara masa jini cikin dare, da safe har ya fara buɗe ido. Oga ya tsaya a kansa ya yi mana bayani mai daɗi sosai, yadda a ƙananan yara masu sikila jini kan taru a saifa cikin 'yan awoyi ta kumbura, jiki ya rasa jinin da zai yi aiki da shi, in ba a yi gaggawa ba a rasa yaro, kuma an fi ganin haka kafin shekara biyar don daga baya saifar ƙanƙancewa take yi har ta daina aiki. Sannan ya ce kowa ya tabbata ya ji saifar nan da hannunsa a hankali kafin ya bar ɗakin, ya wuce gado na gaba.

To mun fi goma a rukuninmu, ga 'yan wani rukunin da suka ji labari su ma suka zo. Muka yi layi. Kakarsa ce ke jinyarsa, wata tsohuwa siririya da carbi a wuya, uban ya tafi neman waɗanda za su biya jinin da aka ƙara, uwar kuma tana gida da tsohon ciki. Duk wanda ya zo sai ta ɗaga masa rigar yaron da kanta, ya gama ta sauke, na gaba ya zo ta sake ɗagawa, ba ta ce uffan ba. Da layi ya zo kaina na durƙusa na ce Inna ina kwana, ya mai jiki, ina murza tafukana su yi ɗumi. Sai ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan taɓawar da kuke ta yi masa, magani ce?"

Gabana ya faɗi. Na ce a'a Inna, mu ɗalibai ne, koyo muke yi, maganinsa likitoci sun riga sun rubuta, ga shi ma an ƙara masa jini. Ta ɗan yi murmushi ta ce ai ta sani, tun safe tana kallo babu wanda ya zo da ko ƙwaya ɗaya a hannunsa, so take ta ji ko za a gaya mata gaskiya. Ta ce, "Ku koya, Allah ya ba ku sa'a, gobe ku ne. Amma ko kasuwa mutum ya je ai sai ya yi sallama kafin ya taɓa kayan mutane."

Ban iya tashi nan da nan ba. Na ce Inna kawo hannunki, na ɗora shi can ƙasan cikin ta dama na riƙa matso da shi a hankali zuwa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu har yatsunta suka ci karo da bakin saifar, na ga idonta ya buɗe. Na ce ki riƙa dubawa a gida, ki koya wa uwarsa ma, duk ranar da kika ji ta sauko ƙasa fiye da inda kika saba ji, ko kika ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko jikinsa ya saki, kada a jira gari ya waye kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a taho asibiti. Wannan yana cikin littafinmu, ana koya wa iyaye dama, amma ta ce tun da aka gano ciwon babu wanda ya taɓa nuna musu. Ta sake gwadawa da kanta har ta gane wurin, tana ta sa min albarka, ni kuma zuciyata sai ƙara nauyi take.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a asibitin nan akwai ɓangaren masu kuɗi, ɗaki ɗai-ɗai da labule da iyakwandishan, mu ɗalibai ko leƙawa ba ma yi sai in oga ya ga dama ya ja mutum ɗaya ya riƙe masa fayil. Duk abin da hannuna ya iya zuwa yanzu a aji biyar, jin saifa, jin hanta, neman jijiya a hannun jaririn da ya bushe da gudawa, a jikin 'ya'yan talakawa na koye shi. Har na tuna aji biyu a ɗakin anatomi, gawarwakin da muka yi ta yanka kafin jarabawar MB ta biyu, babbar jarabawar ɗaliban likita, yawanci waɗanda babu wanda ya zo nemansu ne. Tun daga ranar da muka ga sunanmu a JAMB ake ce mana shekara shida ce ta wahala, mu yi haƙuri, kowa tausayinmu yake ji, a gida ma ba a bari in wanke kwano in na je hutu. Amma ban taɓa jin an zaunar da mu an ce ga mutanen da za ku koya a jikinsu ba, ga haƙƙinsu a kanku. An yi mana lakca kan neman izini, eh, mun rubuta a jarabawa, amma a ɗaki in oga ya ce a taɓa to layi kawai ake yi.

Na faɗa wa abokiyar ɗakina wajen cin abinci, ta ce asibitin koyarwa ne ai, duk wanda ya zo ya san da haka, kuma in ba mu taɓa ba ta yaya za mu iya. Gaskiyarta ta wani ɓangaren, dole mu taɓa, ban ce a daina ba. Amma tsohuwar nan daga ƙauye aka turo su cikin dare da yaro a kafaɗa, wane zaɓi gare ta? Ban ci gaba da musun ba, shinkafa da waken ma ban gama ba.

La'asar kilinik ɗin tamowa, awon dantsen yara, yawancinsu ja, wato tamowa mai tsanani. Logbuk ɗina, littafin da likitoci ke sa mana hannu kan ayyukan da muka yi, har yanzu da sauran sa hannu da yawa.

Umma ta kira bayan magariba kan bikin gidan Kawu, na ce don Allah a tabbata an yi gwajin jini na gaskiya a wurin da aka yarda da shi, in ango da amarya duka AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, ta ce ai Kano ma an yi doka a kai tun 2024, na ce doka daban zuwa gwajin daban Umma, ki matsa musu. Ta ce muryata wani iri, na ce gajiya ce.

Gobe ni zan gabatar da yaron nan mai ciwon ƙoda da ya kumbura, ban ko buɗe babin ba. Kafin a fara zagaye ina so in samu shugaban rukuninmu in ce mu riƙa raba kanmu, uku-uku a gado, ɗaya ya fara gaisawa ya faɗi ko su waye mu ya nemi izini, in an ce a'a mu wuce. Na san wasu za su ce ɓata lokaci ne ga jarabawa ta matso, zan dai faɗa.