Zagayen Ƙafa a Unguwar da Aka Tafiyar da Yaƙi a Landan

A birnin Landan akwai masu sana'ar zagayawa da baƙi a ƙafa, suna nuna musu wuraren da aka tafiyar da mulkin Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma na shiga irin wannan zagaye a unguwar Westminster tare da baƙi daga ƙasashe daban-daban. Na daɗe ina karanta tarihin yaƙin, amma karatu bai taɓa nuna mini ƙanƙantar filin da aka yanke manyan shawarwarinsa ba. Majalisar dokoki, da gidan Firaminista, da tsoffin ofisoshin sojan ƙasa da na ruwa, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda majalisar yaƙi take zama, duk suna kusa da juna, har mutum zai ratsa su a ƙafa bai gaji ba. Wanda ya taka wurin da kansa zai gane cewa Firaminista yana iya tashi daga taron hafsoshi ya isa gaban 'yan majalisa cikin mintoci kaɗan, kuma tsarin ƙasar ya wajabta masa zuwa ko yana so ko ba ya so.

Mun taru a dandalin da ke gaban majalisa, a gindin mutum-mutumin Winston Churchill wanda aka kafa a 1973, yana sanye da doguwar rigar soja, yana dogare da sanda. Jagorarmu, wata dattijuwa mai nutsuwa, ta fara bayani daga 10 ga Mayu 1940, ranar da Churchill ya gaji Neville Chamberlain a kujerar Firaminista, wadda kuma ita ce ranar da sojojin Jamus suka afka wa Holan da Beljiyam. Bayan shekara guda cif, a daren 10 ga Mayu 1941, bama-bamai suka ƙone zauren majalisar wakilai, kuma mutum fiye da 1,400 suka rasa rayukansu a Landan a wannan dare kaɗai. Wakilan suka koma zama a zauren majalisar dattawa, ba su sami sabon zaurensu ba sai a 1950, kuma Churchill ya nemi a sake gina ƙofar shigarsa da duwatsun da wuta ta lasa, don na baya su ga abin da ya faru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan dandali shi ne majalisar ba ta daina aikinta ba. An ɗage babban zaɓe har yaƙi ya ƙare a Turai, amma ba a ɗage tuhumar shugaba ba. A watan Yuli 1942, bayan Singafo ta faɗa hannun Japan, kuma sansanin Tobruk na Libiya ya faɗa hannun Jamus, wasu wakilai suka kawo ƙudurin rashin amincewa da yadda ake tafiyar da yaƙin. Aka yi kwana biyu ana muhawara, sannan Churchill ya tashi ya kare kansa, ya yi nasara da ƙuri'a 475 a kan 25. Ban da haka, gwamnatinsa ta haɗin gwiwa ce: Clement Attlee na jam'iyyar Leba ya zama mataimakinsa, Ernest Bevin kuwa, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago, shi ya riƙe sha'anin ma'aikata. A ganina wannan ya fi jawabansa muhimmanci, ko da yake jawaban ne aka fi tunawa, domin shugaban da ya san za a tsare shi da tambaya a bainar jama'a dole ya riƙa auna shawararsa kafin ya zartar da ita.

Daga nan muka miƙe titin Whitehall. Ba a shiga Downing Street, layin da gidan Firaminista mai lamba 10 yake, sai dai mutum ya leƙa ta ƙofar ƙarfe da 'yan sanda ke gadi, kuma a nan jagorar ta ba mu labarin daren 14 ga Oktoba 1940, lokacin da bam ya faɗi kusa da gida mai lamba 10 ya lalata ɗakin girki. Gaba kaɗan, a tsakiyar titi, akwai ginin tunawa da matan da suka yi hidima a yaƙin, wanda aka rataye wa siffofin tufafin aiki iri 17 ba tare da fuskar kowa ba. Sai a 2005 aka buɗe shi, wato shekara 60 bayan an gama yaƙi, kuma wannan jinkiri kaɗai ya isa ya nuna wa mai lura waɗanda ake saurin tunawa da waɗanda ake bari sai daga baya.

A gaban Ma'aikatar Tsaro akwai mutum-mutumin manyan hafsoshi uku: Montgomery, da Alanbrooke, da Slim. Jagorar ta daɗe a kan Alanbrooke, shugaban hafsoshin sojan ƙasa tun daga ƙarshen 1941, wanda ya sha yi wa Churchill musu ido da ido idan ya kawo dabarar da ba za ta yiwu ba, kuma duk da zafin gardamarsu Churchill bai sauke shi ba. Da muka zo kan Slim, kwamandan Runduna ta 14 a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ta ambaci sojojin Indiya da na Nepal, ta yi shirin wucewa. Sai na tambaye ta labarin sojojin Afirka ta Yamma. Ashe ta san shi sarai, ta kuma yi bayanin runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka ƙunshi 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, a dajin da sau da yawa sai ta jirgin sama ake jefa musu abinci. Ɗimbin waɗannan sojoji daga Arewa aka ɗebe su, kuma Hausa ce harshen da aka daɗe ana amfani da shi a rundunar Najeriya. A bayan ma'aikatar, ta wajen kogi, akwai ginin tunawa da dakarun Chindit, wato runduna ta musamman da ke kutsawa bayan dagar Japan a Bama, waɗanda bataliya uku na Najeriya suka yi yaƙi a cikinsu a 1944, kuma daga gare su barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa, kamar yadda barikin Dalet na Kaduna ya samo nasa daga wani wuri a Bama. Da ban yi tambaya ba, da mun wuce ban ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na fahimci cewa jagora tana da lokaci ƙayyadadde, kuma tana zaɓen abin da take tsammanin yawancin baƙi sun zo ji, saboda haka rabin amfanin zagayen yana hannun baƙon da ya yi karatu kafin ya zo.

Mun ratsa filin faretin dawaki da sauri, muka ga wani katafaren gini marar taga da aka yi wa rundunar ruwa a 1940 zuwa 1941, sannan aka nuna mana wajen cocin sojoji inda bam mai tashi da kansa ya kashe mutum 121 suna tsakiyar ibada a ranar 18 ga Yuni 1944.

Zagayen ya ƙare a ƙofar ɗakunan yaƙi na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda aka fara aiki a cikinsu ranar 27 ga Agusta 1939, aka buɗe su ga jama'a a 1984. Ɗakin da majalisar yaƙi ta zauna sau 115 ƙarami ne ƙwarai, an jera kujerun hafsoshi daf da kujerar Firaminista suna fuskantarsa. A ɗakin taswira, inda ba a kashe fitila ba sai a Agusta 1945, bango cike yake da hudojin allurar da ake bin sawun ayarin jiragen ruwa da ita. Akwai wani ɗan ɗaki da aka bari ma'aikata suna zaton makewayin Firaminista ne, alhali wayar sirri ce ta magana da shugaban Amurka. An zuba kankare mai kauri a saman ɗakunan a ƙarshen 1940, amma duk da haka da babban bam ya faɗo kansu kai tsaye ba lalle su tsira ba. Churchill kansa bai cika kwana a wurin ba, har yakan hau rufin gini ya kalli luguden wuta. Waɗanda suka sha wahalar wurin su ne masu buga takardu da masu haɗa waya da masinjoji, da yawansu mata, waɗanda suke kwana a wani bene da ke ƙasa da wannan, inda rufi ya yi ƙasa har sai mutum ya sunkuya.

Akwai abin da unguwar masu mulki ba za ta iya nunawa ba. Fararen hula fiye da 40,000 suka mutu a Birtaniya a luguden wutar da aka fara ranar 7 ga Satumba 1940 aka ci gaba har Mayu 1941, kusan rabinsu a Landan, kuma unguwannin talakawa na gabashin birnin, kusa da tashar jiragen ruwa, su suka fara ɗanɗana shi. Da fari gwamnati ba ta so mutane su fake a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, jama'a ne suka shiga da kansu har ta haƙura. Haka kuma ba a ambaci yunwar Bengal ta 1943 ba, wadda ta kashe mutum wajen miliyan 3 a Indiya ƙarƙashin mulkin wannan gwamnati, ko aikin tilas da aka sa dubban talakawan Arewa a ramukan kuza na Jos daga 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda Birtaniya take samun kuza. Churchill da ya tsaya wa 'yancin Turai shi ne ya shaida wa majalisa a 1941 cewa alkawarin 'yancin al'ummai da ya yi tare da shugaban Amurka bai shafi ƙasashen da Birtaniya ke mulka ba. Ina girmama jarumtarsa, amma ban yarda a raba ta da wannan ɓangare na tarihinsa ba.

A jikin ginin da ɗakunan yaƙi suke ƙarƙashinsa akwai barandar da Churchill ya tsaya ya yi wa taron jama'a jawabi ranar 8 ga Mayu 1945, kuma kafin ƙarshen Yuli na shekarar masu zaɓe sun kayar da jam'iyyarsa sun ba Attlee mulki. Mai niyyar yin wannan zagaye ya sayi tikitin ɗakunan tun da wuri, domin layi yakan yi tsawo, ya kuma tsaya kusa da jagora saboda ƙarar motocin Whitehall tana cinye magana. Idan ya fito, ya ƙara tafiya ta gefen lambun St James, ya wuce fadar Buckingham, ya haura titin Constitution Hill har ƙarshensa, inda aka kafa ginshiƙai a 2002 don tunawa da mutum miliyan 5 daga yankin Indiya da Afirka da Karebiyan da suka yi wa Birtaniya hidima a yaƙoƙin duniya biyu. Zagayen da na shiga bai kai can ba, da ƙafata na ƙarasa.