Tub ɗin da ke cikin tayar ƙaramin jirgin sama

Mutane da yawa suna mamaki idan suka ji cewa yawancin ƙananan jiragen sama na masu zaman kansu, irin su Cessna 172 da Piper Cherokee, har yau da tub suke sauka, alhali motoci sun daɗe da rabuwa da shi. Dalilin yana cikin ƙirar wilin. Wilin irin waɗannan jirage ɓari biyu ne da ake haɗewa da kusoshi da notuna, kuma mahaɗar tasu ba ta riƙe iska, saboda haka dole a sami wata jakar roba a ciki da za ta riƙe ta. Wannan jaka ita ce abin da na fi ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi, domin da zarar an ɗaure wili babu mai sake ganinta sai ranar da ta yi gardama.

Tayoyin ƙanana ne. Cessna 172 yana tsayawa a kan tayoyi masu lambar girma 6.00-6 guda biyu a baya da mai lambar 5.00-5 guda ɗaya a gaba, kuma an ƙera tayar jirgi ta lotsa ƙarƙashin nauyi da kusan kashi ɗaya bisa uku na tsayin gefenta, wato kusan ninki biyu na lotsawar tayar mota. Taya mai irin wannan aiki ba ta da rarar da za ta jure ƙarancin iska. Masu ƙera tayoyin jirgi sun yarda cewa lafiyayyar taya tana iya rasa har kashi 5 cikin 100 na iskarta a cikin sa'a 24, kuma duk saukar zafi da digiri 3 a ma'aunin Salshiyos yana rage kusan kashi 1 cikin 100. Idan aka haɗa waɗannan biyu, jirgin da ya yi mako biyu a rumfa ba a taɓa shi ba yana iya kasancewa ƙasa da adadin da littafinsa ya tanada, ko da ido bai nuna haka ba. Ido ba ya auna iska, geji ne ke aunawa, kuma sai tayar ta huce, wato bayan sa'a biyu zuwa uku da sauka. Adadin kuma ba a aro shi daga jirgin maƙwabci, domin ko a cikin dangin Cessna 172 ya bambanta daga wani samfuri zuwa wani. Samfurin 172S, alal misali, yana son psi 42 a baya da 45 a gaba, psi kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya.

Abin da ƙarancin iska yake yi wa tub ya fi abin da yake yi wa taya muni. Lokacin da jirgi ya taɓa ƙasa, tayar da take tsaye cik tana ɗaukar gudu cikin ƙiftawar ido, sannan birki ya riƙe wili yayin da titi yake jan taya. Idan iska ba ta danne bakin taya a jikin wili sosai ba, tayar takan ɗan zame, ta ja tub tare da ita, shi kuwa bawul yana maƙale a raminsa ba shi da inda za shi. A hankali gindin bawul ɗin yake tsagewa, wata rana kuma ya tsinke gaba ɗaya. Haka ta faru da ni a kan hanyar komawa wurin ajiye jirgi, bayan saukar da ba ta da wani aibi: tayar hagu ta kwanta, kuma da muka buɗe wili babu ƙusa babu ƙaya, sai tsaga a gindin bawul. Laifin nawa ne. Jirgin yana da murfin da ke rufe tayoyi don rage turjiyar iska, kai hannu ga bawul sai an tura jirgi gaba da baya ana leƙe, ni kuwa na mayar da kallo daga nesa madadin awo. Tun daga lokacin nake shafa ɗan layin fenti da ya ratsa gefen taya zuwa bakin wili, ta yadda idan layin ya rabu biyu zan san tayar ta zame.

Kuskure na biyu shi ne mayar da tsohon tub cikin sabuwar taya. Mai jirgi yakan duba tub ɗin ya ga babu huji, ya ce ai zubar da shi asara ce. Amma tub yana buɗewa a tsawon aikinsa, ya ɗauki girman tsohuwar tayar da ita ma ta buɗe, kuma idan aka cusa shi cikin sabuwa mai matsattsen ciki, rarar robar sai ta naɗe. Naɗin nan yana gugar kansa duk juyawar taya har ya huje. A ganina wannan ba wurin tsimi ba ne, kuma masu ƙera tayoyin ma abin da suke cewa ke nan: sabuwar taya, sabon tub. Faci kuwa, wanda yake ceto a keke ko babur, ba na yarda da shi a nan.

Saka tub aiki ne na haƙuri. Kafin a taɓa ko noti ɗaya na wilin, sai an sace iska duka an cire zuciyar bawul, domin ɓarin wili da aka kwance da iska a ciki yana iya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. Bayan an share cikin sabuwar taya, a barbaɗa hodar talk a cikinta da jikin tub don su riƙa zamewa a kan juna maimakon mannewa. Jan ɗigon da ke gefen taya yana nuna wurin da ta fi sauƙin nauyi, sai a daidaita shi da wurin da tub ya fi nauyi, wanda wani tub ɗin yake nunawa da ratsin rawaya, idan kuwa babu ratsi to bawul ne alamar. Sannan a hura iska kaɗan, daidai yadda tub zai cika ya yi siffarsa, kafin a haɗa ɓarin wili biyu. Wannan ɗan hurin shi ne yake hana a datse tub a tsakaninsu, kuma datsewar ita ce ta fi yawan sa sabuwar taya ta kwana a sace. Notunan ana ɗaure su ne da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa adadin da aka rubuta wa wilin. Daga nan a hura taya ta cika, a sace ta, a sake hurawa, don duk wani naɗi ya miƙe. Tunda wili yana ƙasa, lokacin ne kuma na wanke boris da sa masa sabon giris.

Akwai bambanci tsakanin robar da ake yin tub da ita. Robar itace tana daɗewa da laushinta a tsananin sanyi, amma iska tana ratsa ta da sauri. Robar butil, wadda ake haɗawa a masana'anta, irin wadda ake yin tub ɗin Michelin Airstop da ita, ta fi riƙe iska nesa ba kusa ba, kuma ita nake zaɓa, sai dai tana da nata haɗarin, wato ta koya wa mutum lalacin ɗaukar geji. Siffar bawul ma abin lura ce, domin wani wili miƙaƙƙe yake so, wani kuma lanƙwasasshe.

Ita tayar kanta tana faɗin tarihinta ga mai dubawa. Cinyewa a tsakiya alamar yawan iska ce, cinyewa a kafaɗu biyu alamar ƙarancinta, shafaffen wuri ɗaya kuwa alamar matuƙin da ya sauka da ƙafa a kan birki. Ƙananan tsagogi a gefe, waɗanda rana da iskar ozon suke jawowa, ba sa hana tashi muddin ba su kai ga zaren ciki ba, amma duk inda zare ya leƙo tayar ta gama aiki. Man inji da man birki da fetur suna kumbura roba su lalata ta, don haka a wanke su da sabulu da ruwa nan take.

A Amurka, dokokin FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, sun ba matuƙi mai lasisi damar canza tayar jirginsa na kansa, da sharaɗin ba jirgin haya ba ne kuma zai rubuta aikin a littafin tarihin jirgin ya sa hannu. Ni dai shawarata ita ce karon farko a yi shi a gaban makanikin jirgi. Kuma kada a yi gaggawar tashi, domin sabuwar taya tana buɗewa a sa'o'i 12 na farko, iskar da ta maƙale tsakanin tub da taya ita ma tana fita sannu a hankali, saboda haka gejin zai nuna raguwa washegari ko da babu huji. A cika ta zuwa adadinta, a sake aunawa bayan sa'a 24, kuma idan raguwar ta wuce kashi 5 cikin 100 sai a sake buɗe wilin a nemo dalili.