Tiyar da Muke Auna Kanmu da Ita

Daren Talatar da ta wuce na zauna cike fom ɗin nan na shekara-shekara, wanda duk malamin jami'ar gwamnati ya san shi, wanda muke kira APER, wato fom ɗin da ake auna aikin ma'aikaci da shi. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, sai na jingina fitilar waya da kofin shayi na ci gaba. Shafin farko ba ya ba kowa wahala: suna, muƙami, ranar kama aiki, ranar ƙarin girma na ƙarshe. Inda na cije shi ne wurin da ake son jerin maƙalolin da mutum ya wallafa tun daga ƙarin girman baya. Na rubuta huɗu. Sauran layukan suka tsaya suna kallona, farare tas, kamar gonar da aka share ba a shuka ba.

Uwargida ta leƙo ta bayana ta ce, "Malam, shekara uku kana fita tun asuba, kana dawo mana da laka har gwiwa, ashe duk wahalar ba ta cika rabin shafi ba?" Da wasa ta faɗa, ta wuce abinta. Ni kuwa maganar ta hana ni barci.

Shekarata goma sha bakwai ina koyar da ilimin amfanin gona, kuma a nan Samaru ta Zariya nake zaune. Bara aka sa ni cikin kwamitin da zai rubuta wa sashenmu tsarin aiki na shekara biyar: ina muka dosa, kuma da me za a gane mun isa. Ni ne ma sakataren kwamitin, don haka duk abin da zan faɗa a nan da hannuna a ciki dumu-dumu. Zaman farko wani ƙaninmu a aiki, yaro mai hazaƙa da bai daɗe da dawowa daga karatu a Malesiya ba, ya haska mana jadawali a bango. Za mu ninka maƙaloli a mujallun da Scopus, rumbun nan na duniya mai tattara mujallun bincike, ta san da su. Kowane malami ya buɗe shafi a Google Scholar don a riƙa ganin sau nawa aka ambaci aikinsa. Za mu nemi tallafin bincike kaza a shekara. Can ƙasa kuma aka rubuta babban buri, wai mu shiga sahun gaba a Afirka. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, na kuma rubuta a littafin taro da kyakkyawan rubutu.

Sai dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda saura kaɗan ya yi ritaya, ya ɗaga hannu. Ba ya cikin kwamitin, mukullin ɗakin taro ya kawo ya ɗan zauna a baya. Ya dubi shugaban sashe ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Yaran da muke yayewa, a cikin goma nawa ne za ka ba su ƙasa a hannu su gaya maka me ta rasa? Ban ga an sa wannan a bangon ba." Farfesa ya yi murmushi ya ce, "Baba, wannan ai yana da wuyar aunawa." Aka wuce zuwa batu na gaba. Ban sa tambayar a littafin taro ba, don mai ita ba ɗan kwamiti ba ne.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Sabon Gari ko ta Giwa ya san tiya. Ya kuma san cewa tiya ba ta ƙarya sai ranar da mai awo ya gane cewa cinikinsa duka a kanta ya rataya. Daga ranar sai ka ga an ɗan buga gindinta ya shige ciki, ko an rage mata baki, ko a cika ta a gabanka a zubar da tozon da yatsa lokacin juyewa. Sunanta tiya har gobe, amma abin da ke ciki ya ragu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Charles Goodhart, ya lura da irin wannan tun 1975 a harkar kuɗi: da zarar hukuma ta ɗauki wani ma'auni ta mai da shi abin da ake kora, to ma'aunin ya daina faɗin gaskiya. Kakata ba ta san Goodhart ba, amma ba ta taɓa zuwa awo ba tare da kwanonta ba.

Mu malaman jami'a mun iya buga gindin tiya, kuma da ni a ciki. Cikin maƙalolin nan huɗu da na jera, biyu gwaji ɗaya ne. Na raba shi gida biyu, damina ta farko a wata mujalla, ta biyu a wata, alhali da an haɗa su ne maganar za ta fi ƙarfi. Na yi haka ne saboda biyu ta fi ɗaya maki wajen ƙarin girma. Akwai kuma "sa ni in sa ka", inda abokai ke musayar suna a kan aikin da ɗayansu bai ko karanta ba. Akwai mujallun intanet da za ka tura musu aiki ranar Litinin, ka biya dala, ranar Juma'a su ce an karɓa. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe jerin nasa a farkon 2017, kuma da yawanmu mun leƙa jerin da faɗuwar gaba.

Kada a ce ina kushe awo ne. Na riski dattawan da ke ba da labarin yadda ake iya danne mutum shekara da shekaru don kawai bai iya gaisuwa ba. Ƙidayar maƙala, duk da aibinta, ita ce garkuwar ƙaramin malamin da ba shi da uban gida: ya ajiye takardunsa a tebur, a ƙirga, in sun kai sun kai. Idan ana batun zama farfesa ma sai an aika ayyukan mutum ga masana na waje su duba. Kuɗin da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke rabawa kuma harajin kamfanoni ne, wanda aka faro da kashi 2 cikin ɗari na ribarsu aka kai shi kashi 3 a 2023, don haka dole mai karɓa ya nuna abin da ya yi da shi. Haka ziyarar tantancewa ta NUC, hukumar kula da jami'o'i: ko ba komai, tana sa a tuna da rufin da ke yoyo da littattafan da suka tsufa. Abin da ke damuna kawai shi ne tiya ɗaya muke ɗauka mu auna gero da ita, mu auna man gyaɗa, mu auna yadi.

Ɗauki batun lokaci. Fom yana tambayarka abin da ka yi bana, ƙarin girma yana zuwa bayan shekara uku in an yi sa'a. Shi kuwa iri ba ruwansa da wannan lissafi. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan Samaru, wadda tushenta ya koma 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ta fitar da waken nan SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. Wake ne da ke jure tsutsar nan mai huda fure da kwanso, har manomin da ya saba feshi sau shida ko takwas ya koma yin biyu. Kusan shekara goma aka kwashe ana gwajinsa a killataccen fili kafin a sake shi. Da a ce kowace shekara ana tsare masu aikin ana tambayarsu manomi nawa suka amfana, to shekara tara amsarsu babu ce, kuma mai riƙe da jadawali zai ja musu jan layi. Haka kazar ShikaBrown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika: zaɓe ne na zuriya bayan zuriya, ba abin da ake gamawa tsakanin fom biyu ba.

Sannan ga kalandar da ba a hannunmu take ba. A 2020 an yi wata tara ana yajin aiki, ga kullen korona a kai. A 2022 aka rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Ba zan shiga rigimar wa ke da laifi ba, an yi ta har an gaji. Abin da na sani shi ne ɗalibina na digiri na biyu ya rasa damina guda cur, kuma damina ba ta jiran a sasanta. Gwajin gona yana son damina biyu, don haka karatun da aka yanka wa shekara biyu ya tafi huɗu. A takarda, wannan gazawa ce tawa da tasa. Tsarin shekara biyar ɗin da muka rubuta kuwa ko layi ɗaya bai tanadi irin wannan ba, kamar dai an tabbata kowane zango zai fara ranar da aka sa.

Watan Satumban bara wani dattijo daga wani ƙauye bayan Bomo ya same ni a gonar gwaji. Ya zo a kan keke, da buhun taki wanda ba komai ciki sai ganyen masara. Wani tsohon ɗalibina ne ya kwatanta masa ni. Ya zazzage ganyen a ƙasa, duk an ɓula su kamar rariya, ya ɓare tsakiyar wata ya nuna mini tsutsar a kwance cikin kashinta mai kama da dusa. Tsutsar nan ce da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta addabi masara. Ya ce, "Malam, na yi feshi sau uku, kamar ruwa nake ba ta." Na ce, "Baba, da wane lokaci kake feshin?" Ya ce da rana tsaka, in ya taso daga wata gonar. Na ce, "A ina kake zuba maganin?" Ya nuna saman ganye. Muka tsuguna, na nuna masa cewa da rana tana ɓuya can cikin mazurarin tsiron, sai da yamma ko sassafe take fitowa, don haka bakin feshin cikin mazurarin zai riƙa kaiwa. Na ce ya riƙa zagaya gonar tun masara tana ƙarama, ya murƙushe ƙwan da ya gani a ganye, kada ya jira sai ta yi ƙiba. Ga wannan masarar an riga an makara, amma yana da ta rani a fadama. Duka-duka ba mu yi rabin sa'a ba.

Da azumi sai ga shi a ƙofar gidana da ɗanyar masara cikin buhun nan dai, ya ce maƙwabtansa shida sun bi abin da ya koya musu. Na duba maƙalata da aka fi ambata a Google Scholar, na ga masu ambaton daga Indiya suke da Birazil da Kenya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Dattijon nan da ke tafiyar minti arba'in a keke daga ofishina ba zai taɓa karanta ta ba, da Turanci take, kuma sai an biya kafin a buɗe ta.

Ba mu kaɗai ke wannan kokawa ba. A 2012 wasu masana da editoci sun haɗu a San Faransisko suka tsara wata sanarwa cewa a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga aiki a ciki, a karanta aikin kansa. A Birtaniya, tantancewar binciken jami'o'i ta 2014 ta ware kashi 20 cikin ɗari na maki ga amfanin da bincike ya yi wa jama'a a wajen jami'a, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2021. Su ma can ana kukan yawan cike takardu, kuma na tabbata akwai masu buga gindin wannan sabuwar tiyar. Sai dai aƙalla sun yarda cewa manomi da majinyaci suna cikin lissafi.

A zaman kwamiti na ƙarshe na yi ta maza na kawo shawara uku. Ta farko, mu riƙa ƙirga watannin da kundin ɗalibi ke yi a teburin malami kafin a duba a mayar masa, domin wannan a hannunmu yake, ba sai gwamnati ta saki kuɗi ba. Ta biyu, duk binciken da aka kammala a fitar masa da takarda mai shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, a ba malaman gona su raba, kuma a ba ta maki ko da rabin na maƙala ne. Ta uku ita ce tambayar Baba mai ɗakin gwaje-gwaje, na dai sake mata riga: kafin a yaye ɗalibi a kai shi gona, a ba shi ƙasa da ganye mai cuta, ya faɗi abin da ya gani.

Ta farko ta sha suka, kuma na fahimci dalili, kowa yana da kundin da ya kwana biyu a durowarsa, ni ma akwai biyu a tawa. Ta uku aka ce a miƙa wa kwamitin manhaja, wanda duk ma'aikaci ya san ma'anar hakan. Ta biyu ce ta tsira, amma ba maki, an rubuta ta a matsayin abin da ake ƙarfafa wa malamai gwiwa su yi. Ni na buga rahoton da hannuna, burin shiga sahun gaba a Afirka yana nan a shafin farko da manyan baƙaƙe.

Na koma kan fom ɗina ranar Laraba da safe. Can kusa da ƙarshe akwai wani ɗan akwati na hidimar al'umma, layi uku kacal. Na rubuta cewa na ba manoma shawara kan tsutsar masara, na ƙara da cewa na fassara takardar bayani guda zuwa Hausa, wadda har yanzu tana cikin kwamfuta don ba a samu kuɗin bugawa ba. Na sa hannu, na kai ofishin shugaban sashe. Sakatariya ta buɗe shafin maƙaloli kai tsaye, ta ƙirga da bakin biro, ta ce, "Huɗu ne, Dakta?" Na ce huɗu ne. Ta ɗora shi kan tulin sauran, ta ce in biya ta wajen masu jarrabawa, akwai takardun 'yan aji biyu da ke jirana.