Shiga wasa ba wuya, fita ce aiki

Har yanzu ina jin haushin yadda ake ba masu ADHD, wato larurar kasa tattara hankali da yawan motsi, shawara a dunƙule: ki motsa jiki, ki ɗan yi wasa, hankalinki zai dawo. Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa, kuma rabin da aka bari shi ya ja mini asarar aikin da na daɗe ina nema.

Sai da na girma likita ya gaya mini sunan abin da ke damuna. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ta ce alamomi biyar sun isa ga babba, maimakon shida da ake nema ga yaro, matuƙar sun fara bayyana kafin shekara 12. Nawa sun wuce biyar nesa ba kusa ba. Aikina na tebur ne, haɗa rahoton kuɗi ga masu ƙananan sana'o'i, irin aikin da ke son zama wuri ɗaya, abin da jikina ya tsana. Ina shan methylphenidate, maganin ADHD, yana kuma taimako, sai dai ba ya kai ni yamma. Shi ya sa likitan ya ce in haɗa da motsi da wani abin hannu da zai huce mini kai.

Motsin bai ba ni wahala ba. Tsallaken igiya kafin in zauna, ko tafiya da sauri har numfashi ya ɗan hau, sai in ji hayaniyar da ke kaina ta lafa. Ba abin mamaki ba ne, tunda motsa jiki yana ɗaga dopamine da noradrenaline, sinadaran ƙwaƙwalwa da maganin ma yake aiki a kansu. Abin lura kawai, natsuwar ba ta daɗewa. A wurina kamar awa ɗaya ce, sai ta dushe. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa babba ya yi, don lafiyar jiki ne. In don tattara hankali ake nema, gara a yayyanka shi ƙanana a cusa gab da aikin da ake tsoro. Na kuma daina jin kunyar kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur, musamman bayan na ga binciken 2015 na Mark Rapport da abokan aikinsa a wata jami'a ta jihar Florida, inda yara masu ADHD suka fi riƙe abu a ka lokacin da suke mutsu-mutsu a kujera. Yara aka gwada, na sani, amma ƙafata ba ta san wannan ba.

Wasan hannu shi ya kayar da ni. Ranar da zan miƙa wani rahoto da azahar, kaina ya cushe tun da safe, lambobi suna ta rawa a idona. Na ce bari in yi zane na minti goma. Na ja wani layi mai lanƙwasa a takarda, ya ratsa kansa ya bar ƙananan gurabe, na fara cike su: wannan da ɗigo-ɗigo, wancan da shuɗi, na kusa da shi da siraran layuka. Kowane gurbi na gama sai na gefensa ya ga kamar an bar shi tsirara. Da na ɗago kai, wuyana ya ƙage, gefen hannuna ya yi shuɗi, wayar da na kife tana ɗauke da kiran mai aikin a jere. Ya ba wani aikin. Bai ma yi faɗa ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Kuma na sa ƙararrawa fa. Ta buga, hannuna ya kashe ta, ni ban san an yi ba.

Babu wanda ya gargaɗe ni cewa ƙwaƙwalwar da ba ta iya zama kan abu mai gundura, ita ce kuma ba ta iya tashi daga abu mai daɗi. Matsalar ɗaya ce, rashin iko da inda hankali zai sauka da lokacin da zai tashi. Masanin ADHD Russell Barkley ya daɗe yana bayani kan makantar lokaci, wato mutum ba ya jin wucewar awa a jikinsa yadda sauran mutane ke ji. To a ba irin wannan mutum alƙaluma masu launi ana saura awa uku ya miƙa aiki, a ce ya huta kaɗan? Kamar a ba mutum mota ne a kan gangara ba a duba birki ba.

Tun daga nan na raba wasanni gida biyu, kuma ba da daɗinsu nake auna su ba. Akwai waɗanda ke ƙarewa da kansu. Rawa a kan waƙa ɗaya, waƙar na ƙarewa shiru ya sallame ki. Igiya, numfashi ne zai tsayar da ke. Cilla ƙwallaye uku ana caɓewa, za su zube, ki gaji da sunkuyo. Waɗannan kaɗai nake bari su shiga tsakiyar aiki. Sai waɗanda ba su da ƙarshe: zane, yumɓu, saƙa, haɗa gutsattsarin hoto, uwa uba wasannin waya, waɗanda dama an ƙera su ne don kada a ajiye. Waɗannan sai an rufe kwamfuta da yamma. Ban daina su ba, don su ke sauke mini gajiyar yini har in iya barci, amma ba sa ganin safiyata.

Masu yaba tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, minti 25 na aiki da 5 na hutu, ba sa faɗin cewa ga irinmu haɗarin yana cikin minti biyar ɗin. Ni a tsaye nake yin hutun, hannu ba ya taɓa waya ko takarda. Ƙararrawa kuma tana ɗaya ɗakin, da ƙara mai ban haushi, dole sai na miƙe na taka zuwa wurinta. Miƙewar ce ke tsinka zaren, ƙarar kaɗai ba ta iyawa. In rana ce mai nauyi sai in roƙi yayata ta kira ni ta bidiyo, tana nata aikin ina nawa, ba hira. Ta san ni sarai. Da ta ga kaina ya sunkuya fiye da kima sai ta ce, "Ke, me ke hannunki?" In ce, "Ba komai, Yaya." Ta ce, "Ɗaga in gani."

Abin da ban warware ba shi ne gundura. Duk wasan da ya yi aiki, bayan ɗan lokaci sai ya zama lami, jiki ya ƙi tashi. Da farko kaya nake saya, yanzu na gane sauyin ake buƙata, ko da sauya waƙa ne ko ɗaki. A 'yan kwanakin nan igiya ta fita raina, na koma hawa da saukar matakala, ina kuma jin ita ma kwananta ya kusa ƙarewa.