Kowane gem da abin da yake ci a jikin hannu

Shagonmu na unguwar Nima a Accra aiki biyu yake yi. Gaba gidan gem ne, PS4 huɗu da PS5 biyu, baya kuma teburin gyara. Saboda haka idan samarin Mamobi da New Town suka tambaye ni wane gem ne ya fi daɗi a kwanan nan, amsa biyu nake da ita: yadda gem ɗin yake a allo, da kuma abin da yake yi wa hannun gem, don duk abin da aka buga a gaba, a teburin baya ake biyan kuɗinsa.

Ƙwallo ita ce uwar kasuwa. Tun da FIFA ta koma EA Sports FC a 2023 sunan kawai ya sauya, yara har gobe "FIFA" suke cewa. A FC 25 abin da ya burge ni shi ne Rush, biyar da biyar a ƙaramin fili. Wasa ne mai zafi, babu tsayawa raba ƙwallo a baya, kuma ya dace da shago irin namu saboda mutum huɗu suna iya haɗuwa a ƙungiya ɗaya. Abin da bai yi mini ba shi ne yadda gudu ya rinjayi dabara: a samu ɗan wasa mai sauri, a jefa masa ƙwallo a bayan masu tsaro, shi ke nan. A nan unguwar kuwa duk kulob ɗin da Mohammed Kudus yake, nan yara suke. Ɗan Nima ne, da yana West Ham kowa West Ham, da ya koma Tottenham a 2025 suka bi shi. eFootball na Konami, wanda ya gaji PES a 2021, ƙwallonsa ta fi nauyi a ƙafa, fasin ma sai ka auna shi, kuma ni ya fi kwanta mini a rai. Sai dai wanda ya saba da FC yakan sha wuya a ranar farko, don a FC maɓallin da'ira ne bugun raga, a can kuwa murabba'i ne.

Ƙwallo sandar hagu ta hannun gem take ci, wadda ake juya ɗan wasa da ita, da maɓallin R2 na gudu. Za ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa komai ba, ko alamar zaɓi tana gangarawa ƙasa da kanta. Dalilin yana ƙarƙashin sandar. Akwai wasu ƙananan awo guda biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, kowanne da zoben baƙin gawayi wanda ɗan ƙarfe yake gogawa. Yau da gobe gawayin ya cinye, garinsa ya haɗu da gumi da ƙurar hunturu, sai awon ya fara ƙarya. Idan ciwon sabo ne, muna kwance sukurori huɗun da ke bayan DualShock 4, wato hannun PS4, mu ɗaga murfin a hankali don kada siririyar wayar caji ta tsinke, mu cire batir, mu buɗe gefen awon, mu goge zoben da auduga da sifirit mai ƙarfi. Ba a zuba mai, ba a fesa turare. Wannan gyaran na ɗan lokaci ne, kuma muna faɗa wa mai kaya gaskiya tun kafin ya biya.

Gyara na dindindin shi ne a cire sandar gaba ɗaya. Ƙafa 14 gare ta a jikin allon ciki, kowace sai an narka dalmarta an tsotse tsaf, da zafin da bai wuce kimanin digiri 350 ba. A nan ake gane wanda ya iya. Mai gaggawa yakan bar ƙafa ɗaya ba ta saki ba ya fizge, sai ta taho da layin tagullar da ke jikin allon, hannun da ya zo da ciwo ɗaya ya koma da uku. Muna fara ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar, don ta kamfani ba ta narkewa da sauƙi, sannan mu bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har sandar ta faɗo da kanta. Yanzu mun fi sa irin mai maganaɗisu, wadda ake kira Hall effect, saboda babu abin da ke gogar wani a cikinta. Ita ma sai an saita tsakiyarta a kwamfuta bayan an ɗaura. Wanda ya tsallake wannan matakin, sabuwar sanda ce amma ɗan wasa zai ci gaba da karkata.

Sai mutum ya tsaya a kanka ya ce, "Haba Masta, kuɗin nan ai na kusa sayen sabo a kasuwa." Sabon da yake nufi jabu ne. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma ɗauke shi ka ji. DualShock 4 na asali ya kai giram 210, batirinsa 1000 mAh. Jabun fayau yake kamar ba komai a ciki, batirin ɗan mitsitsi, robar maɓallan tauri, sandar kuma ba ta san tafiya a hankali ba, ko tsaye ko gudu. Araha ba ta ado. Wata biyu sai ga shi an dawo mana da shi, kuma kayan gyaran asali ba sa hawa kansa, haƙuri kawai muke bayarwa.

Gem ɗin faɗa nasa cin daban ne. Tekken 8, wanda ya fito a Janairun 2024, ya ba ni sha'awa don tsarinsa mai hankali ne: maɓalli huɗu, gaɓa huɗu, hannu biyu da ƙafa biyu, kariya kuma ka ja baya kawai. Mortal Kombat 1 ya fi shi kyan hoto, amma jininsa ya yi yawa, na 'yan shekara 18 ne, kuma ba ma kunna wa yara ko sun roƙa. Duka biyun robar ƙarƙashin maɓallai suke yagawa, musamman ta kibiyoyi. Idan maɓalli ya nutse bai dawo ba, roba ce. Idan yana dawowa amma ba ya amsawa, siririyar ledar da ke ɗauke da layukan wuta ce. Kafin a saya a duba lambar da ke jikin allon, JDM-030 ne ko 040 ko 055, don ledar wani ba ta zama a kan wani. Masu kawo mana kaya sun sha haɗa mana su a leda ɗaya su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

God of War Ragnarök na 2022 kuwa, wannan ba na layi ba ne, na mutum ɗaya ne da ya sami natsuwa bayan isha'i. Jifan gatarin nan da kiransa ya dawo hannu da maɓallin alwatika, har yanzu ban ga abin da ya kai shi daɗi ba, balle a DualSense, hannun PS5, inda kake jin nauyinsa a tafin hannu. Amma a PS4 shi ne mai tona asirin injin da ba a kula da shi. Minti goma sai fanka ta fara ƙara kamar injin markaɗe. Mutane suna ɗaga murfi su hura fankar su ce sun wanke. Dattin ba nan yake ba, yana jikin haƙoran ƙarfen sanyaya da ke bayanta, ya yi kauri kamar bargo, kuma ba a kai gare shi sai an sauke injin da sukundireba mai bakin tauraro. A riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kada ta juya fiye da ƙima. A goge tsohon man sanyaya da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar injin, a ɗiga sabo kamar ƙwayar masara. A leƙa akwatin wuta ma, kyankyasai suna son ɗuminsa, kuma su ne suke haɗa wuta su ƙone shi.

PS5 dabam ne, kuma ina roƙon masu gyaran waya su bar shi. Ba man sanyaya ke cikinsa ba, ruwan ƙarfe ne, kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa. Ɗigo ɗaya ya zuba a kan allon, injin ya tafi. Abin da mai shi zai iya yi a gida shi ne ya zare fararen murafun gefe, ya zuƙe ƙura ta ramukan da Sony ta tanada, ya bar aƙalla santimita 10 tsakaninsa da bango. Shi kuma R2 na DualSense da ke yin tauri idan ɗan ƙwallo ya gaji, ɗan inji ne da siririn sifirin a ciki. Yara suna danne shi da ƙarfi har sifirin ya karye, don haka a shago muna rage ƙarfinsa a saitin hannu.

Saura dumsor, wato ɗauke wuta da dawo da ita da ake yi a Ghana. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa tana lalata bayanai, dawowarta da ƙarfi kuma tana kashe akwatin wuta. Kowane inji namu yana kan UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko minti biyar ya ba ka sun isa ka kashe shi yadda ya kamata. Idan ta riga ta faru, PS4 yana nauyi ko gem yana fita da kansa, a kashe shi gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa kimanin daƙiƙa bakwai har a ji ƙara ta biyu, a haɗa hannun gem da injin ta wayar caji, a zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya taɓa abin da ka ajiye. A can ƙasa akwai Initialize, shi kuwa yana share komai, daga gem har kofunan da aka yi shekara ana tarawa. Wanda bai tabbata da abin da yake karantawa a allon ba, ya kashe injin ya kawo mana shi tare da wayarsa ta wuta da hannun da yake bugawa da shi, mu gwada su tare a gabansa.