Cape Town a Saman Jar Bas: Iska Ce Ke Tsara Yinin

Na shiga Cape Town, a Afirka ta Kudu, a watan Janairu, tsakiyar lokacin zafinsu, da jakar goyo guda. Masaukina yana kusa da titin Long Street, irin mai arahar nan da baƙi ke haɗa ɗaki a kan gadaje masu hawa biyu. Babbar jaka a can take kwana cikin loka, kwaɗon kuma naka za ka zo da shi. Wadda ke hawa mota da ni ƙarama ce: ruwan sha lita ɗaya da rabi, tawul, man kare fata daga rana, hula mai igiya, da rigar sanyi mara nauyi. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne masu zagaye, sai an nemi adafta kafin waya ta sami caji.

Jajayen bas ɗin yawon buɗe ido na City Sightseeing hawa biyu ne, saman a buɗe. Tikitin yini yana ba ka damar sauka inda ka ga dama ka hau ta baya, kuma ana ba da abin sa wa a kunne don jin bayanin wurare. Abin da ya kamata mutum ya riƙe shi ne motar zagaye take yi ta fuska ɗaya. Hanyoyin motar da launi ake kiransu. Jan layi yana tashi daga V&A Waterfront da ke bakin tashar jiragen ruwa, ya ratsa cikin gari, ya hau gindin dutsen Table Mountain, sannan ya gangara Camps Bay, Clifton da Sea Point. Wanda ya wuce dutsen ya tafi bakin teku, sai ya kammala zagayen kafin ya sake ganinsa.

Shi ya sa na fara da dutsen da sassafe. Tsayinsa ya haura mita 1,080 kaɗan, motar igiyar da ke kai mutane sama tun 1929 take aiki, tafiyar kamar minti 5 ce, daɓen cikinta yana juyawa don kowa ya ga ko'ina. Amma in iskar kudu maso gabas ta taso, wadda suke kira Cape Doctor, rufe ta ake yi, kuma da rana ta ɗaga iskar ta fi ƙarfi. Idan ka fito ka ga farin gajimare ya lulluɓe kan dutsen yana kwararowa gefe, canza tsari, ka bar hawa sai gobe.

Iskar nan ita ce kuma ke sa ruwan gefen Atlantika sanyi. Tana kore ruwan sama mai ɗumi zuwa cikin teku, mai sanyi ya taso daga ƙasa, har ka tarar rana na ƙuna amma ruwan bai wuce digiri 14 ba. A Camps Bay ƙafa kawai na tsoma, nan da nan idon sawuna ya ɗau zugi kamar na taka ƙanƙara. Wurin yana da kyau ƙwarai, ga duwatsun Twelve Apostles a bayansa, sai dai a buɗe yake, ranar iska yashi har cikin abinci. A irin wannan rana Clifton ta fi: gaɓa huɗu ne ƙanana da manyan duwatsu suka raba, iska ba ta cika isa can ba. Matakala ce mai tsawo daga titi zuwa ƙasa, wanda ya zo da babbar jaka a hawowa zai ji jiki.

Shuɗin layi ya fi tsawo, yana bi ta lambun Kirstenbosch ya faɗa Hout Bay, garin masunta, inda na ci soyayyen kifi da dankali a bakin tashar jiragen ruwa.

Mai son iyo na gaske ya nufi Muizenberg a gefen False Bay, inda ruwa ya fi ɗumi. Layukan nan biyu ba sa zuwa can, jirgin ƙasa na bi. Akwai masu gadi a kan tudu suna duban kifin shak. In jiniya ta yi kuka aka ɗaga farar tuta, kowa ya fito. A kowace gaɓa, iyo tsakanin tutoci masu ja da rawaya ake yi. Idan ruwa ya ja ka ciki, kada ka yi kokawa da shi: ɗaga hannu, ka yi iyo ta gefe daidai da gaɓa har ka fita daga jansa.

Sallah da abinci ba su ba ni wahala ba. Daga Long Street da ƙafa ake hawa Bo-Kaap, unguwar Musulmi mai gidaje kala-kala, inda masallacin Auwal yake a titin Dorp, wanda aka kafa a 1794, na farko a Afirka ta Kudu. Gidajen abincin halal suna da yawa a nan.

A Janairu sai wajen ƙarfe 8 na dare rana ke faɗuwa, bas ta ƙarshe kuwa tana wucewa tun da sauran rana. Duba lokacinta a allon tasha da zarar ka sauka. Wanda ya tsaya kallon faɗuwar rana a Camps Bay ya tanadi kuɗin tasi ko katin myconnect, don motocin MyCiTi na gari ba sa karɓar tsabar kuɗi.