Jiran mutum na goma

Lokacin da nake karatu a Mancesta ta Ingila, maƙwabcina Bayahude ne, magidanci mai gyaran agogo. Da mahaifinsa ya rasu na je masa gaisuwa, daga nan kuma na lura kullum yana fita da duku-duku, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Na tambaye shi, ya ce, "Maƙwabci, zo mu je ka gani da idonka."

Haka na fara bin sa majami'arsu addu'ar safe, wadda suke kira Shaharit. Sau uku suke addu'a a rana: safe, la'asar da dare. A cewar malamansu, addu'o'in sun tsaya ne a madadin hadayar da ake yi a Haikalin Kudus kafin Romawa su rushe shi a shekara ta 70 miladiyya. Wato aiki ne da ake bin mutum bashinsa, ba sai ransa ya so ba.

A ƙofa aka miƙo min 'yar hula da littafin addu'a na Ibrananci mai fassara a gefe. Na zauna baya. Mazan sun yafa mayafi mai geza a kusurwa huɗu, kowa ya ɗaura wani ɗan baƙin akwatin fata a saman goshi, wani a damtse, ya naɗe igiyar sau bakwai a hannu har tana barin shaida. Ayoyin Attaura ne a ciki. Da aka zo kalmar kaɗaita Ubangiji, Shema, sai kowa ya rufe ido da hannun dama.

Amida, wato addu'ar tsaye, ita ce zuciyar abin. Ana miƙewa, a haɗe ƙafafu, a fuskanci Kudus, a yi taku uku gaba kamar mai shiga gaban sarki. Albarka 19 ce a ranakun aiki, kuma leɓe kawai ke motsi, koyi da Hannatu mahaifiyar Sama'ila, annabin da ya naɗa Dauda sarki. Ina bin fassarar da yatsa na ga kusan babu "ni" a cikin roƙon. Ka warkar da mu, ka gafarta mana, ka albarkaci shekararmu. Mai lafiya ma yana roƙon waraka, domin a cikin jama'a ba a rasa majinyaci.

Wata safiya muka tarar da mutum tara. Ni ba na cikin lissafi, tunda ba Bayahude ba ne. A majami'u masu riƙo da tsohuwar hanya sai an cika maza goma, masu shekara 13 zuwa sama, kafin a yi wasu addu'o'i, ciki har da Kaddish, wadda ɗa ke karanta wa mahaifinsa wata 11. Maƙwabcina sai duba agogo yake. Wani ya fita bakin titi, wani ya hau buga waya, can sai ga wani saurayi ya shigo yana haki, barci bai sake shi ba. Ba shi da mamaci, zuwa kawai ya yi a cika goma. Maƙwabcina ya miƙe ya karanta Kaddish da Aramiyanci, tsohon harshe mai kama da Ibrananci, sauran suna amsawa da amin. Na duba fassarar: babu ambaton mutuwa ko ɗaya, girmama sunan Ubangiji ce da roƙon zaman lafiya.

Abin da bai kwanta min ba shi ne sauri. Wasu na zuba karatun tamkar ana korarsu, kafin ka juya shafi sun wuce uku. Na faɗa masa a hanyar komawa gida. Ya yi dariya, ya ce malamansu sun daɗe suna wannan ƙorafin, har suna cewa addu'a ba halartar zuciya jiki ne ba rai. Amma in ya ce sai ranar da zuciyarsa ta halarta zai zo, to wani maraya zai tsaya yana ƙirga mutum tara, kuma ƙarfe takwas kowa na da wurin aiki.